Ruwan Zafi a Gindin Tumatir

Wani direba ne, tun da ya ajiye aiki ba shi da zance sai na lambun da ya yi a bayan gida. Fangali huɗu ne kacal, tumatir da alayyafo da kuɓewa da albasa, amma in ka ji yana bayani sai ka rantse gari yake ciyarwa. Matarsa ta ce ta ga ritaya iri-iri, ba ta taɓa ganin wanda ya koma gaisawa da kuɓewa ba.

Tururuwa ce ta addabe shi, wani ya ce masa tafasasshen ruwa ne maganinta. Rannan rana ta faɗi, kaji sun shige akurki, ya sauke tukunya daga wuta ya juye a ramin da ke gindin tumatir. Bai ce komai ba, ko bismilla. 'Yarsa Auta, mai shekara goma sha biyar, tana tsaye riƙe da bokiti. Wata siririyar ƙara ta fito daga ƙasa, ta yanke.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ɗanyen tumatir ne ke faɗowa kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. A rana ta uku Auta ta daina magana. Sai ta zauna a bakin fangalin tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri. Uwar ta yi kuka har ta gaji, ta koma kallo. Uban ya ci gaba da ban ruwa safe da yamma, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

A rana ta bakwai aka kira malam. Ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar ya yi ta karatu, har bakinta ya buɗe da muryar wata mace wadda ta gaji.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Maƙwabciya. Na riga su zama a nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ita ba ce, shi ne. Ɗana yana barci ya sheƙa masa ruwan zafi. Ko gyaran murya bai yi ba."

Direban ya ce, "Wallahi tururuwa na nufa."

"Na sani," in ji muryar, ba ko fushi. "Tururuwar tana nan. A ba ni yarinyar."

Malam ya ce ba za a bayar ba. Direban ya ce ta ɗauki lambun duka.

"In yi me da kuɓewa?"

Malam ya koma karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Can muryar ta sauko.

"Zan fita. Ba zan taɓa lafiyarta ba. Abu ɗaya zan tafi da shi, kuma nasa ne."

Malam ya dubi direban. Shi ya ɗauka idonsa ne ko ƙafarsa, ya gyaɗa kai.

Auta ta yi atishawa sau uku. Ta nemi ruwa ta sha, ta rungume uwarta, ta ce yunwa take ji. Sannan ta ga mutumin da ke durƙushe a gefenta yana miƙo hannu. Ta gyara ɗankwali, ta ja baya kaɗan, ta gaishe shi da ladabi.

"Umma," ta ce a hankali, "baƙo muka yi?"