Turke na Shida

Ranar da Duván ya fara ganin Nayibe, tana bakin tafkin kifin babanta, laka har gwiwa, igiyar awo a hannu. Abincin kifi ya kawo. Ya sauke buhunan, ƙafa ta ƙi tafiya.

"Tunda kallo ka zo yi, riƙe min bakin igiyar nan," in ji ta.

Tun daga ranar suka shaƙu. Sai dai Don Arcesio, babanta, ya ƙi yarda da soyayyar. "'Yata na karatun injiniya a birnin Neiva, ta ƙare da mai dakon buhu?" Shi Leandro yake so, ɗan ajinsu mai farar riga.

Tafkin a lanƙwashe yake kamar ƙwayar wake, ba wanda ya san girmansa, ga shi ana son sanin 'ya'yan kifi nawa zai ɗauka. Nayibe ta ce a kafa turaku goma sha ɗaya, mita biyar-biyar, a auna faɗin ruwa a kowanne, ta haɗa yanka goman da ƙa'idar Simpson, wata dabarar lissafin girman wuri. Ta ƙara da cewa:

"Ba ta ba da amsa cif-cif, amma tana kai mutum kusa. Tazarar dai ta zama daidai."

Aka ba Duván guduma. Leandro kuwa ya liƙe mata a kan littafi ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, suna ta dariya. Kishi ya turnuƙe bawan Allah. Idonsa na kansu ya buga turke na shida a mita takwas maimakon biyar, ya matse sauran don su isa.

Da amsa ta fito, Don Arcesio ya girgiza kai. "Shekara talatin ina zagaya ruwan nan. Ba haka yake ba."

"Ai Nayibe ce ta yi lissafin," in ji Leandro, ko kunya babu.

Ta sunkuyar da kai. Abin ya soki Duván har zuci. Da ya koma gida ya tura mata saƙo:

"Sarauniyata, lissafinki lafiya lau. Ni na ɓata turke na shida. Ku nake kallo, raina na ƙuna."

Ta mayar masa: "Sakaraina. Wa ya ce maka ina son mai tsoron laka irin Leandro? Gobe ka faɗi gaskiya gaban Baba."

Washegari ya faɗa. Tsohon ya dube shi ya ce:

"Wancan ya ɗora mata laifi, kai ka sauke mata. Ku je ku sake awon, ku biyu."

Yanka ashirin suka yi, wai don kuskure ya ragu. Suka wuni a ruwa.

Bayan ta kammala karatu aka ɗaura aure a cocin garin, aka ci gasasshen kifi daga tafkin nan. Ango da kansa ya jera teburan baƙi, ya auna wa Leandro mazauni mita hamsin daga amarya, wannan karon ba kuskure.

Don Arcesio ya dafa kawunan ango da amarya. "Allah ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Kai kuma, Duván, ka riƙa duba inda kake bugawa."