Karen Baba da Zinaren Aurena

Warin ne ya tarbe mu tun kafin in gama murɗa makulli.

Na tura ƙofa, ga abu nan a tsakiyar kafet ɗin falon baƙi, wanda ko mu 'yan gida Mama ba ta bari mu taka. Simsim, karenmu, ya yi aika-aikarsa, ya shige ƙarƙashin kujera yana karkarwa. A bayana kuma Tant Suhair ce, mahaifiyar Tamer, wadda ta zo yau don a sa ranar aurena da ɗanta.

"Innalillahi... Nermin, a nan kuke sallah?"

"A'a Tant, wallahi ba kullum..."

"Kullum ne mana!" in ji Dalia, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Ba ke kika ce min da an bar shi shi kaɗai sai ya yi ba?"

Ni na faɗa mata, da bakina. Dalia 'yar ƙanwar Tant ce, ta taso tana ganin Tamer nata ne, ni kuma sakarai na ɗauke ta ƙawa. Ita ta nace mu sauka duka, har da Mama, mu sha iska a bakin teku kafin a zauna magana.

Tant ko zama ba ta yi ba.

"Gidan Tamer a saman nawa yake. Ko kare, ko ɗana."

Simsim karen Baba ne. Wata safiya Baba ya shafa kansa a bakin ƙofa ya tafi asibiti, bai dawo ba. Tun daga ranar, in ni da Mama muka fita aiki sai mu dawo mu tarar da ɓarna. Na yi faɗa, na yi lallashi, na wanke kafet har hannuna ya tsage. Amma in jefar da shi kan titi? Ban iya ba. Kuma ina son Tamer kamar raina.

Washegari Tamer ya tare ni a ƙofar wurin aikinmu.

"Habibti, kin sha kuka."

"In ka zo ka ce in rabu da shi ne, kama hanyarka."

"Daga wurin likitan dabbobi nake."

Na saki baki. Mutumin da ke tsallaka titi in ya hango ɗan kwikwiyo!

"Ya ce in tambaye ki, yaya kike fita daga gida?"

"Kamar kowa mana. In rungume shi, in ba shi haƙuri, in yi wa Mama sallama, in dawo in ƙara..."

"To ciwon ke nan. Ki bari mu gwada, hasken idona. Ni ba zan zaɓa tsakaninki da Mama ba, ke ma ba zan bari a sa ki zaɓi ba."

Mu mutanen Iskandariya ta Masar ba mu iya fita shiru ba. Sallamarmu ta bakin ƙofa ta fi ziyarar tsawo, a sumbaci kumatu, a sauka bene, a sake hawowa da wata magana. Simsim kuwa da ya ga an fara sai ya ɗauka irin tafiyar Baba ce. Likita ya ce tsoro ne ke damunsa, ba rashin ji ba, don haka babu duka babu tsawa. In zaga da shi da safe ya yi buƙatarsa a waje, in shimfiɗa masa tsohuwar rigar Baba, in fice ko kallonsa kada in yi, in dawo ba hayaniya. Kullum in ƙara lokacin kaɗan.

Don ya ɗauka na fita, haka na koma zaman matakala a ƙofar gidanmu kamar wadda aka kora, maƙwabta suna tsallake ni. Abu ya fara kyau, amma Tant ba ta huce ba, don Dalia tana ta zuga ta.

Wata la'asar ina zaune sai ga Tant ta hawo tana haki, ita kaɗai.

"Zinaren baikon da muka kawo na zo karɓa."

"To Tant... amma don Allah a hankali, kada ya ji murya."

Benen ya gajiyar da ita, sai ta zauna kusa da ni. Daga ciki Simsim ya fara kuka ƙasa-ƙasa yana karce ƙofa.

"Ki buɗe masa mana! Ba ki da imani ne?"

"In na buɗe yanzu zai ɗauka kukan ne ya dawo da ni. So nake ya gane ko bai yi kuka ba ana dawowa."

Ta gyara zama. Can Simsim ya daina kukan.

"Tun rasuwar baban Tamer," ta ce, idonta a kan ƙofar, "da yaron nan ya fita sai in kunna rediyo da talabijin gaba ɗaya, har sai na ji takunsa. Na ɗauka ke ma ɗauke min shi za ki yi."

Tausayinta ya kama ni sosai. Na riƙe hannunta, ba ta ƙwace ba.

Da lokaci ya yi na buɗe. Simsim yana kwance a kan rigar Baba, ya ɗaga kai ya kaɗa jela. Tant ta bi kafet da ido lungu-lungu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tsaf yake.

"A baranda zai zauna. Ƙafarsa ba za ta taka inda nake sallah ba."

"Na yarda, Tant. Zinaren fa, in ɗauko?"

Ta harare ni, ta cire takalmi.

"Wane zinare? Ɗora shayi, 'yata, ki kira mamanki a waya. Ɗana ya rame."