Kafin Rana ta Faɗi a Rumfar Tamada

"Yau dai a bakin ruwa za mu ci," in ji Ruƙayyatu, idonta na kan kayan da take ninkewa. "Akwai wata rumfa bayan inda jirage ke tsayawa, wata tsohuwa na dafa kifi."

Mijinta Jabiru yana bakin gado yana goge takalmi. Ya yi dariya, ya ce shi ba shi da ta cewa, ai yau ranarta ce. 'Yarsu Halimatu ce ta kafa wannan doka tun a mota, ranar da suka taso daga Birnin Kebbi. Kwana uku za su yi a wurin shaƙatawar nan na gefen tafkin Kainji, su kuma uku ne, don haka kowa zai zaɓi inda za a ci abincin yamma sau ɗaya. Ranar farko yarinyar ta zaɓi ɗakin cin abinci na masaukin, saboda shinkafa da kaza da lemon kwalba. Jiya Jabiru ya kwashe su a fijo ɗinsa zuwa Wara, suka ci tsire da masa. Gobe da sassafe za su kama hanyar gida.

Can sai ya dakata da gogar takalmin.

"Ina kika san rumfar? Tunda muka zo ba mu bi ta can ba."

Ta sunkuyar da kai kan kayan. Ta warware rigar da ta ninke, ta sake ninkewa.

"Ruƙa, rumfar wa ce?"

"Ta Inna ce."

Ya ajiye takalmin a hankali, ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta.

Shekara tara ke nan ba a ambaci mutanen gidansu a tsakaninsu ba. Kafin ta zama Ruƙayyatu, Deborah ake kiranta, 'yar Jacob masunci, dattijon coci a ɗaya daga ƙauyukan da aka gina wa Gungawa bayan ruwan dam ya cinye tsibirinsu. Jabiru yana malamin gona a lokacin, a nan suka ga juna. Ta musulunta don ra'ayin kanta, ba wanda ya matsa mata. Ranar da ya je neman aurenta da goro da dattawa biyu, mahaifinta ya ƙi ko amsa gaisuwa, yayanta Andrew kuma ya ɗauko filafilin jirgi ya maka masa a kafaɗa a gaban jama'a. Wata biyu ya yi yana jinyar karaya. A kwance ya rantse da Allah cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka inda danginta suke ba, haka ma duk ɗan da zai haifa. Ita kuwa ta bi shi, aka ɗaura aure a Yelwa. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka mayar da aikinsa Birnin Kebbi, nesa ta ƙara nesa. Mutuwar mahaifinta ma sai bayan wata guda ta ji.

Yanzu ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai. Wata biyu da suka wuce ta haɗu da Barira, ƙawarta ta yarinta, wadda ke kawo busasshen kifi kasuwar Birnin Kebbi. Ita ta gaya mata Andrew ya tafi kudu neman aiki bai dawo ba, mahaifiyarta Inna Tamada ta rage ita kaɗai, ta kafa rumfar kifi kusa da wurin shaƙatawa tana sayar wa baƙi. Kuma idonta na mutuwa. In rana ta buɗe tana ɗan gani, da yamma ta yi sai duhu. Malamin asibiti ya ce da wuya ganin ya kai ƙarshen damina.

"Ba don ni ba, Baban Halima," ta ce. "Ni ta san fuskata. Yarinyar nan ce ba ta taɓa gani ba. So nake ta kalle ta sau ɗaya... sau ɗaya kawai, kafin idon ya rufe."

"Wato shi ya sa kika nace sai nan," ya ce. "Na ce Argungu, kika ce a'a. Kika ce wata abokiyar aikinki ce ta yaba miki wurin. Kwana biyu ina murna na kawo iyalina hutu, ashe dabara aka yi mini."

Ta ce tsoro ne ya hana ta faɗa, ta san in ta faɗa a gida ba zai taso ba. Ya ce da ta gwada shi. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, ba zuwan ba ne, ƙaryar ce. Shekara tara bai taɓa ɓoye mata ko abin da ya ci a hanya ba. Ta ce ta sani, ta yi laifi, ya hukunta ta yadda ya so bayan sun koma, amma yanzu la'asar ta wuce, ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Ya miƙe ya sa hula.

"Ban hana ki uwarki ba. Ki je. Amma Halimatu ba ta zuwa, rantsuwa na yi."

Ya fita. Ta leƙa ta taga ta gan shi ya nufi filin wasa, inda Halimatu ke kan lilo da rigarta ruwan ɗorawa. Ya sauko da ita, suka wuce kejin birai, suka gangara bakin ruwa inda jirgin yawo ke lodin baƙi don zagayen ƙarshe na ranar. Kafin Ruƙayyatu ta yafa mayafi ta fito a guje, an tayar da inji, jirgin ya bar gaɓa. Halimatu na ɗaga mata hannu tana dariya.

Ta tsaya a kan yashi. Daga nan tana hango hayaƙin rumfar, tafiyar da ba ta wuce minti goma ba. Sau biyu ta ɗaga ƙafa za ta tafi ita kaɗai, sau biyu ta fasa. Me za ta ce wa tsohuwar? Ga ni na zo bayan shekara tara, jikarki kuma tana can tsakiyar ruwa? Ta zauna a kan wani kifaffen kwalekwale tana kallon rana tana kallon ruwa. Hadarin ya taso ya rufe rabin sama. Ta yi duk addu'ar da ta iya, har ta ji bakinta na maimaita wata da Inna ke yi musu da Gunganci suna yara, ba ta san lokacin da ta fara ba.

Jirgin bai dawo ba sai da rana ta zama ja ta kwanta a kan ruwa.

Mutane suna saukowa ta ratsa su, ta zube a gaban Jabiru, gwiwoyinta cikin jiƙaƙƙen yashi. Ba ta damu da masu kallo ba. Ta riƙe gefen rigarsa.

"Don girman Allah da ka rantse da shi, ka ba ni ita. In ka ga dama gobe ka sake ni, ba zan yi maka musu ba. Amma yau ka ba ni ita."

"Tashi, Ruƙa. Mutane na kallo."

"Ba zan tashi ba."

Ya dube ta. Fuskarsa ba irin wadda ya fita da ita daga ɗaki ba ce, amma ba ta tsaya tantancewa ba. Abin da ta gani kawai shi ne yatsunsa sun saki hannun yarinyar.

Ta ja Halimatu suka kama gudu ta gefen ruwa, suna tsallake igiyoyin jirage da tarun da aka shanya. Takalmin yarinyar ɗaya ya cire, Ruƙayyatu ta saɓe ta a kafaɗa duk girmanta. Halimatu na tambayar ina za su, ta ce wurin kakarta. Yarinyar ta ce ai kakarta na Sakkwato. Ta ce akwai wata.

Da suka isa, rana ta riga ta nitse.

Rumfar ta zana ce, da benci biyu da tukwane biyu a kan murhu, fitilar ƙwai na rataye a jikin gungume. Wata tsohuwa siririya na zaune a kan kujera 'yar tsugune, tana lalube da hannu tana neman marfin tukunya. Ranar da Ruƙayyatu ta bar gida, ta bar mace mai jiki wadda ke tuƙa jirgi ita kaɗai zuwa kasuwar Yelwa. Wannan kuwa ko zanen jikinta ya fi ƙarfinta.

Tsohuwar ta ji motsi ta juyo da fuska. Ta yi musu sannu da zuwa, ta ce karfasa ta ƙare, sai tarwaɗa da tuwon shinkafa, in suna so.

Ruƙayyatu ta buɗe baki Hausa ta ƙi fitowa. Da Gunganci ta ce, "Inna, ni ce."

Marfin da tsohuwar ta samu ya suɓuce ya faɗi cikin toka.

Ba ta rungume ta ba. Ta zauna ƙiƙam, ta soma magana a hankali, maganar da ta shekara tara tana tarawa. Ta ce uban ya yi kwana shida yana jinya, kullum sai ya tambaya ko an ga wani daga Yelwa. Girman kai ya hana shi aikawa, ita kuma tsoron ɗanta ya hana ta. Ta ce ta binne miji ba 'ya mace a gefenta, matan maƙwabta ne suka riƙe ta. Ruƙayyatu ta kifa kai a kan ƙafafunta tana kuka, ba ta kare kanta da kalma ko ɗaya ba.

Can tsohuwar ta tsaya.

"Wa ke numfashi kusa da ke?"

"Ɗiyata ce, Inna. Halimatu. Shekararta bakwai."

Inna Tamada ta miƙa hannu biyu. Yarinyar ta kalli uwarta, sannan ta matsa. Tsohuwar ta ce a sauko da fitila. Ruƙayyatu ta sauko da ita, ta ƙara lagwani, ta kawo ta dab da fuskar yarinyar har Halimatu na runtse ido. Tsohuwar ta matso, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta murza idonta da gefen zane ta sake dubawa.

"Wuta kawai nake gani," ta ce. Ta bi goshin yarinyar da yatsu, ta bi hanci, ta bi kunne. Hawaye suka gangaro mata. "Kin makara, Dabora. Da da rana kika zo."

Halimatu, da ba ta san nauyin maganarta ba, ta ce ai gobe da asuba za su tafi gida, Baba ya riga ya sha mai.

Ruƙayyatu ta mayar da fitilar jikin gungume. Duk abin da ta ƙulla wata biyu, ƙaryar da ta yi wa mijinta, durƙuson da ta yi a gaban jama'a, ya tashi a banza saboda 'yan mintoci.

"Ba za mu tafi da asuba ba."

Daga waje muryar ta fito. Jabiru na tsaye a bakin rumfar, takalmin Halimatu ɗaya a hannunsa. Ya yi sallama, ya sunkuya ya shigo, ya tsuguna daga gefe ya ce, "Inna, ina wuni."

Tsohuwar ta juyo da fuska wajen muryarsa. Ta ce lafiya lau, ta tambaye shi ya hanya. Sannan ta lalubo kwanuka uku ta zuba tuwo da romon tarwaɗa, ta ƙi yarda a taya ta. Jabiru ya fita ya yi magariba a kan yashi, ya dawo ya ci har ya suɗe hannu. Yayyafi ya fara sauka suna cikin ci.

A hanyar komawa masauki, yana saɓe da Halimatu, ya gaya wa matarsa cewa jirgin yawon ya bi da su ta gaban rumfar. Ya ga wata tsohuwa ta gangaro ɗibar ruwa tana bin wata igiya da aka ɗaura mata daga rumfa zuwa gaɓa, taki ɗaya bayan ɗaya. Yana ganinta ya gane Inna ce. Ya ce rantsuwa zai yi kaffararta. Ƙaryar kuwa har yanzu tana ci masa rai, za su yi maganarta in sun koma. Ta ce ta yarda. Ta kama gefen hannun rigarsa, bai janye ba.

Washegari gari ya waye tas, ruwan sama ya wanke komai. Suka jira rana ta ɗaga sosai sannan suka gangara. Sun tarar Inna Tamada ta fito da kujerarta fili, ta ɗaura zanen zuwa coci, ko wuta ba ta hura ba.

Ta tsayar da Halimatu a gabanta, ta juya fuskar yarinyar ta fuskanci rana. Ta daɗe tana kallo, ba wanda ya yi motsi.

"Baƙa ce kamar ni," ta ce a hankali. "Ga wushirya. Yi dariya in gani." Halimatu ta yi dariya, tsohuwar ma ta yi. Sai ta ce Dabora ta matso. Ta riƙe haɓarta ta duba, ta ce ta tsufa, kuma ta rame, ko ba a ba ta abinci ne a birni. Ruƙayyatu na dariya hawaye na zuba.

Jabiru na can gefe, ya ba su wuri. Tsohuwar ta ɗaga hannu wajen da take jin tsayuwarsa.

"Kai ma zo nan, ɗana. Ranar da ka zo gidanmu ƙasa nake kallo don kunya. Ban taɓa ganin fuskarka ba."

Ya cire hularsa, ya zo ya durƙusa a gabanta, ya ɗaga kai wajen rana.