Inuwar Mode a Filin Kokawa

Idan ka tambayi tsofaffin Zuru abin da ya cinye gidan Mode, za su ce maka ajali ne, su yi maza su canza zance. Ni ba zan canza ba, don har yau abin yana ci mini rai.

Mode ɗan tireda ne a bakin kasuwa, mai gishiri da kananzir. Yana da baki, yana da idon cin naira tun kafin a san naira, amma aljihunsa fayau. Abu ɗaya yake ƙauna a duniya bayan kansa, shi ne ɗansa Lawwali, saurayi mai kunya wanda bai daɗe da fara biyan haraji ba.

A shekarar 1957 aka ce unguwarsu ta fitar da wakili a majalisar gari. Japhet, wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya ce yana so. Alkawarinsa ba shi da yawa: zai gyara filin kokawa, ya kafa wa tsofaffi rumfa, ya haƙa rijiya a gefe don 'yan kallo. Mode ya hau turmi ya ce wannan ai wasan yara ne. Shi zai gina ɗakin taro mai rufin kwano, ya sa akwatin rediyo a ciki, ya share filin ƙwallo, a riƙa kawo majigi duk wata. Aka yi ta dariya. Mutumin da rigarsa ɗaya ce, da me zai sayi kwano?

Dariyar nan ce ta kai shi bayan duwatsun Mahuta, wurin wani tsoho da ba a kiran sunansa.

Da rana tsaka ya isa. Wurin wani tsagin dutse ne, an jera tukwane a kife a bakinsa, kowace an shafe ta da jini ya bushe, gashin kaji ya manne. Ƙudaje sun yi baƙi a kai, amma ba ka jin kukansu. Tsohon yana zaune a kan fatar akuya, bai amsa sallama ba.

"Kai ne mai son kujera," in ji shi.

"Kujera da abin riƙe ta, Baba. Na gaji da dariyar mutane."

"Tashi ka tsaya ga rana."

Mode ya tsaya. Tsohon ya ɗebo toka ya zagaye inuwarsa da ita a ƙasa. Ya yanka baƙin zakara ya ɗiga jinin a daidai ƙirjin inuwar, sannan ya kafa ƙusa a kanta ya buga da dutse. Mode ya ji bugun har cikin haƙoransa.

"Mi za ni biya?"

"Ba ni son komi naka. Ranar da za a ƙirga mutane, duk wanda inuwarka ta hau, nawa ne."

"Mutum nawa ke nan?"

"Ni na sani? Inuwarka ce, ba tawa ba."

Mode ya shiga lissafi. A lokacin ba a jefa takarda. Ɗan takara ne zai tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Ya san a filin kokawa za a yi, da hantsi. Ya san kuma teburin masu ƙirga kullum a gindin tsamiyar yamma ake ajiye shi. Wanda ya fuskanci yamma da safe, inuwarsa gabansa take faɗuwa, a kan ƙasa tsura.

"In ba ta hau kowa ba hwa?"

"Sai ka ci banza," in ji tsohon, ya yi dariyar da ba ta yi wa Mode daɗi ba. Duk da haka Mode ya ce ya yarda.

Kafin damina ta yi nisa, arziki ya ɓarke. Gyaɗar da ya saya a wulaƙance ta yi tsada. Wani ɗan kwangila da bai taɓa gani ba ya neme shi har gida. Bandir-bandir na kwano suka fara sauka a ƙofar gidansa. Masu dariya suka koma gaisuwa da durƙuso, amma in ya ba da baya sai a haɗa kai. Nagoggo, matar wansa Ɗahiru, ba ta iya ɓoye abu ba. A tsakar gida ta tare shi.

"Mode, wanga arziki ina uwarshi? Kaza ma sai ta yi kwanci."

"Allah ne, Yaya."

"To, Allah shi sa shi ne."

Ranar zaɓe, tun da asuba ya tura Lawwali wani ƙauye karɓo saƙon da babu shi, don dai hankalinsa ya kwanta. Aka taru a fili da hantsi, amma Baturen da zai ƙirga bai zo ba. Aka ce motarsa ta kafe a rafi. Rana ta take, shiru. Aka yi azahar, shiru. Mode yana kallon inuwarsa tana shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, tana leƙowa ta baya. Sai bayan la'asar motar ta shigo, duk taɓo.

A nan ne nake jin haushinsa. Yana iya cewa ya janye. Yana iya kwantawa ya ce ciki ya murɗe shi. Amma ya hangi mutanen Japhet ba su kai nasa yawa ba, sai ya gyara hula ya tsaya. Kuma a wurinmu bare ba ya shiga gaban dangi a layi irin wannan, abin kunya ne. Ɗahiru ne ya fara tsayawa, sai ƙannen uba, sai 'ya'yansu. Inuwar ta miƙe ta bi ta kansu kamar an shimfiɗa tabarma. Can gefen ido Mode ya hangi Lawwali yana shigowa fili da gudu, ya dawo. Daga nan bai sake iya waiwayawa ba. Ya ci zaɓe.

Ɗakin taro ya tashi, kwanonsa yana ƙyalli. Ranar da aka kunna rediyo, ranar Ɗahiru ya faɗi a gona riƙe da fartanya, bai shura ba. Bayansa baffansu ya kwanta, ya rame har ya ƙare. Sai Jibo, ɗan Ɗahiru, ya fara tafiya yana kaɗe kafaɗa, yana cewa a sauke masa abin da aka ɗora masa. A ɗaure cikin mari ya mutu.

Da Mode ya iya zama wuri ɗaya, da wataƙila ba a gane ba. Amma kullum bayan la'asar sai a gan shi a filin kokawa shi kaɗai, ya fuskanci tsamiya, yana waiwaye yana auna ƙasa da igiya. Ya kuma fara tare mutane da tambaya, "Ran nan, ina ka tsaya? Wa ke gabanka? Ka ga inda Lawwali ya tsaya?" Nagoggo ta haɗa wannan da jerin gawarwakin gidansu, ta faɗa a bakin rijiya, magana ta cika gari.

Daga nan unguwa ta rikice. Kowa ya rantse shi a can ƙarshen layi yake. Aboki ya daina gaida aboki, wai shi ne ya tura shi gaba. Wanda ya yi tari sai a ce an san inda ya tsaya. Ɗakin taro ya zama na jemagu. 'Yan kokawa suka ƙi taka filin, Japhet ya share musu wani a bayan gari.

Mutum ɗaya ne Mode ya kasa tambaya. Sai da zazzaɓi ya kayar da Lawwali, aka yi magani ya ƙi ji, sannan ya durƙusa a gefen tabarmarsa da rana.

"Lawwali, don Allah ran nan ina ka tsaya?"

"Can baya, Baba. Na iske layi ya yi tsawo."

Mode ya fashe da kuka, yana hamdala, yana cewa a kawo rago a yanka.

"Amma ban daɗe can ba," in ji Lawwali. "Na hango gumi ya jiƙa maka riga. Na ce rana ce. Sai na roƙi Baba Ɗahiru ya matsa mini, na tsaya bayanka ina maka fifita da hulata har aka gama. Ba ka ji iska ba?"

Ya ji. Ya tuna sarai, har ya ji daɗinta a lokacin.

Cikin dare Lawwali ya cika, washegari aka binne shi. Mode bai je maƙabarta ba, don tun a daren nan ya haukace, ya kekketa rigarsa. Kanti ya ƙone, matarsa ta koma gidansu, kujerar aka ba wani. Ya yi shekaru yana yawo a kasuwa, duk yaron da ya gilma ta bayansa sai ya kurma ihu yana roƙonsa ya matsa.

Ku masu neman kujera da alkawarin gini, ku ji da kyau. Boka ba ya cinikin da zai faɗi, kuma wayonku bai kai nasa ba. In kun karɓi abinsa, ba bare zai ɗauka ba. Wanda ya fi ƙaunarku zai ɗauka, don shi ne yake matsowa kusa.