Fuskar Mama a Ƙarƙashin Farin Fenti

Auta tana sharar falo ta ji shirun ɗakin aikin mijinta ya yi yawa. Mai zane ne, kuma in yana aiki ba ya rabuwa da 'yar waƙa a hanci. Ta leƙa. Yana zaune a ƙasa, burushi a hannu, ya ƙura wa wani farin ƙyalle ido kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa.

"Na shafe Mama," ya ce.

Sai da ya maimaita ta gane, tsintsiyar ta suɓuce mata.

Mahaifiyarta ta rasu tun Auta tana goye, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Lokacin da mijin nata ya zo neman aurenta, Baba ya ce ba zai ba mai wasa da kala 'yarsa ba. Bai yi zuciya ba, ya roƙi Baba ya riƙa kwatanta masa marigayiyar. Wata da watanni suna zaune, Baba yana cewa hancin bai kai haka ba, idon ya fi haka laushi, shi kuma yana sake sabon ƙyalle. Ranar da aka dace Baba ya yi kuka, a makon ya ba shi Auta.

Firem ɗin katakon da ya kewaye zanen ne ya karye, aka kawo masa daga gidan Baba ya sake. Ya cire zanen ya jingine a bango, kusa da tsofaffin na gwaji. Ga baje kolin zanensa ya matso, ƙyalle ya ƙare masa, kuma dama haka yake yi: zanen da bai yi ba, sai ya shafe shi da farin fenti ya yi sabon aiki a kai. Fuskokin duk sun yi kama. Yana sauri, ya ɗauki na gaskiyar.

Auta ta so a jinkirta gaya wa Baba, ya ce gara su je yau. Baba ya saurare shi har ƙarshe bai ɗaga kai ba. Yayanta ne ya yi ta faɗa, yana cewa dama shi ya sani, mai fenti ai mai fenti ne, bango da fuskar uwar mutane duk ɗaya ne a wurinsa. Daga baya Baba ya ce, a hankali, "Auta, shiga ciki. Kai kuma tashi ka tafi. Don fuskar nan na ba ka ita."

Zaman gidan ya zame mata ƙaya. Baba ya rage cin abinci. Wata safiya ta same shi yana kallon ƙusar da zanen yake rataye a da, ya gaya mata ya yi ta ƙoƙarin tuno fuskar, ta ƙi zuwa. Tun da aka zana ta ya daina riƙe ta a ka, ya bar wa bango. Yaya kuwa kullum maganarsa ɗaya, a raba auren kowa ya huta.

Ta shige banɗaki ta kira mijinta, tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ka ɗauki ɗaya cikin na gwajin ka gyara. Idon Baba ya yi rauni, ba zai gane ba. Don Allah, Yaya zai raba mu."

"In na kai masa wata fuska, ita zai riƙe har ya mutu a matsayin matarsa," ya ce. "Ke ma ita za ki nuna wa 'ya'yanmu. Ba zan iya ba."

Ta kashe wayar, ta rantse a ranta ya fi son fenti a kanta.

Washegari sai ga shi da farin ƙyallen a kafaɗa, da reza da auduga da 'yar kwalba. Ya durƙusa ya roƙi a bar shi ya zauna a baranda. Ya bayyana cewa ya shafa wa zanen man sheƙi tun farko, farin a kan man ya zauna, ƙila ya ɓanɓaru, ƙila kuma ya taho da fuskar. Baba bai ce zauna ba, bai ce tafi ba.

Haka ya riƙa zuwa kullum. Ya jiƙa auduga, ya dangwala, ya jira, ya kankare da bakin reza. Aikin yini guda bai wuce faɗin farce ba. Yaya in zai fita sai ya ce ko kaza ta fi shi saurin tono. Ranar baje kolin ta zo ta wuce yana barandar, masu shiryawa suka ba wani gurbinsa. Auta tana kallonsa ta taga, ya rame, yatsunsa duk yanka. Ruwa ma a ɓoye take aje masa a bakin ƙofa. Wata rana rezar ta zame ta kwashi ɗan kalar goshi, ta ga ya dafe kai ya daɗe bai motsa ba. Ta ce shi ke nan, aurenta ya mutu. Sai ya sake ɗaukar audugar.

Ido ɗaya ne ya fara fitowa. Baba zai wuce ya tsaya cak. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen.

"Haka take kallona in na daɗe a waje," ya ce.

Ya zauna a ƙasa kusa da surukinsa, ya karɓi ƙullin audugar ya riƙe masa. Can ya ɗaga murya wajen taga.

"Auta, mijinki tun safe bai ci komai ba. In ya ci, ki haɗa kayanki. Sauran fuskar ya ƙarasa a gidanku, ni zan riƙa zuwa."

Ta fito da kwano, ta kasa haɗa ido da mijin saboda abin da ta roƙe shi a waya.

Ɓarna a sauri ake yin ta, gyara kuwa sai a hankali. Wanda ya ƙi sayen zaman lafiya da ƙarya, ya riƙe gaskiya komai nauyinta, shi ne ake ba amana har sau biyu.