Ba Albarkar Kasuwa Ba

Ranar da Bara'atu ta fara shiga shagon Yahuza, fom ta zo cikewa, ba miji ta zo nema ba. Shagon ɗan ƙarami ne a bakin tashar Birnin Kudu: kwamfuta biyu, benci ɗaya, da firinta mai yawan gardama. A jikin ƙofa an rubuta cewa ana cike fom, ana kuma kama ɗakin otal a Abuja da Legas cikin rahusa.

Ta karanta rubutun sau biyu, sannan ta ce, "Malam, daga nan zaune kake kama ɗaki a Legas?"

Yahuza ya ɗago kai ya dube ta. Mutumin da direbobin tasha suke roƙo ya yi shiru, sai ga shi yana lalubar magana.

"Tayawa nake yi," ya ce da ƙyar. "Akwai wani shafi a intanet da manyan otal suke zuba ɗakunan da suka rasa baƙi. Ba sa so a ga sun karya farashi, don haka sai su ɓoye sunansu. Unguwa kawai za a nuna miki, da darajar gidan, da 'yan alamomi. Ki taya. In tayinki bai kai ba, a ce albarka. In ya kai, a cire kuɗi, sannan a faɗa miki sunan gidan."

"Sai na biya zan san inda zan kwana?"

"Sai kin biya. Kuma ba a fasawa, ba a canza suna."

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. "Babana dillalin shanu ne a Gwaram. Da zai ji wannan cinikin, tuwo ma ba zai iya ci ba."

Ta gama karatun jinya, fom ɗin kuma na neman tallafin ƙarin karatu ne. Lambar wayarta na jikinsa. Yahuza ya daure kwana huɗu, a na biyar dauriya ta ƙare, ya tura saƙo:

"Assalamu alaikum. Yahuza ne mai shago. Fom ɗinki ya shiga lafiya. Ni ne dai tun ranar ba ni da lafiya."

Sai bayan la'asar amsa ta zo:

"Allah ya sawwaƙe. Ban fara aiki ba tukuna, amma faɗi inda yake maka ciwo."

Daga nan babur ɗin Yahuza ya haddace hanyar Gwaram. Duk Juma'a da yamma yana ƙofar gidansu, ya sha guga, ya sha turare har ya yi yawa. Yana kiranta Likitata. Ita kuwa Dillalin Duhu take ce masa, sunan da ta tsinta a bakin mahaifinta, wanda shi ba da wasa ya faɗe shi ba.

Alhaji Barau ya shekara talatin a karar shanu, bai taɓa sayen bijimi bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba. Da ya ji sana'ar Yahuza sai ya girgiza kai, ya ce wanda ke sayar wa mutane abin da ba su gani ba, shi ma ba a san abin da ke cikinsa ba. Ranar da Kawu Manu, ƙanin mahaifin Yahuza, ya je neman izini, Alhaji ya karɓe shi da fura, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce kalma ɗaya.

"Me ya ce?" Yahuza ya tambaya tun kawun bai sauka daga mota ba.

"Ya ce albarka."

"Wace albarkar?"

"Ta kasuwa, ɗana. Tayinmu bai kai ba."

Alhaji ba mai tilasta wa 'ya ba ne, amma bai ɓoye cewa ya fi son Kamaluddeen ba, ɗan amininsa mai sito na riɗi, wanda ko ba komai kana iya tsoma hannu a buhunsa ka ji abin da ke ciki. Bara'atu tana gaida Kamaluddeen da ladabi, ta koma ɗaki ta yi kuka. Tana son Yahuza, tana kuma tsoron ɓacin ran mahaifinta, ta rasa wanda ya fi nauyi a zuciyarta.

Ana cikin haka aka kira ta ganawa kan tallafin a Abuja, Laraba da Alhamis. Alhaji ya yarda ta je tare da ƙanwarsa, Gwaggo Azumi. Ɗakin da ke kusa da wurin ganawar dubu casa'in ne kwana ɗaya, don haka ta biya shagon Yahuza. Ya taya, aka sallama masa a dubu hamsin. Ya buga takardar, ya ninke, ya miƙa mata bai karanta ba, saboda idonsa yana kan wani abu da ya fi takarda kyau. Bai lura kwamfutar ta cike gurbin suna da kanta, da sunan da ta saba gani ba.

Bara'atu ta kai wa Alhaji takardar a ninke, shi kuwa ba ya karanta boko. Ranar Lahadi da Kamaluddeen ya zo gaisuwa, sai ya miƙa masa takardar.

"Otal ɗin Ɗorawa Court, unguwar Garki," Kamaluddeen ya karanta. "Kwana biyu. Mai ɗaki, Yahuza Buba. Manya biyu."

A yi masa adalci, bai ƙara ƙarya ko ɗaya ba. Ya dai maimaita "manya biyu" sau biyu, a hankali.

Alhaji ya kira Bara'atu, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsawa ban tsoro a gidan. Ya ce babu zuwa Abuja, babu kuma maganar wannan yaron. Ta yi rantsuwa, Gwaggo Azumi ta sa baki, ya ce shi takarda ya gani.

Saƙonta ya sami Yahuza yana alwalar magariba:

"Ka san abin da ka yi mini? Sunanka ne a ɗakin. Baba yana ganin shiri muka yi ni da kai. Ba karatun ne ya fi damuna ba, Yahuza. Yau Baba ya kalle ni kamar bai san ni ba."

Ba Dillalin Duhu, ba komai. Sunansa tsirara. Ya buɗe kwamfuta ya gani da idonsa. Ya kira otal, suka ce mai sunan ne kaɗai zai karɓi makulli, da katin shaidarsa. Ya rubuta wa masu shafin, suka maimaita masa dokar da shi da kansa yake karanta wa mutane kullum. Ga shi tafiya jibi ce.

Ya rubuta mata: "Laifina ne, Likitata. Ba zan ce ki yi haƙuri ba sai na wanke sunanki. Gobe zan sami Baba."

Washegari ranar kasuwa ce. Ya tarar da Alhaji a kara, ƙarƙashin rumfar dillalai, sanda a hannu. Ya cire takalmi ya tsuguna a gabansa, farin wandonsa a cikin ƙasar da shanu suka gama tattakewa.

"Baba, kuskure na yi, kuma nawa ne ni kaɗai. Ba ta san komai ba. Ban karanta abin da na buga ba."

"To gyara shi."

"Ba ya gyaruwa, Baba. Sai na je da kaina za a ba da makulli."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya zaci yaron zai ɗora wa na'ura laifi, sai bai ɗora ba.

"Manya biyu aka rubuta ko?"

"E, Baba."

"To ni ne na biyun. Ni da kai za mu kwana a ɗakin. Mata kuma a kama musu nasu, yanzu, a gabana, a cikin gidan nan dai, ba maƙwabcinsa ba. In ya faɗa wani gida, babu tafiya, kuma kada in ƙara jin ƙarar babur ɗinka a unguwarmu."

Shafin ba ya faɗin suna sai an biya, kuma taya uku kawai yake bayarwa a yini. In aka ce albarka sau uku, sai gobe, goben da mota za ta tashi da sassafe.

Yahuza ya ciro waya. A Garki gidaje biyu ne masu tauraro huɗu, duka da karin kumallo kyauta, duka da motar ɗauko baƙi. Kamar tagwaye.

"Wanne ne a ciki?" Alhaji ya leƙo.

"Wannan, in sha Allahu. Kun ga nan, mutum ɗari uku da sha biyu ne suka yaba shi. Ɗayan kusan ɗari shida. Wanda na kama rannan ɗari uku da tara ne, a mako ɗaya ba zai yi tsalle zuwa ɗari shida ba. Kuma wannan yana da alamar wurin ajiye mota a ƙasa, ɗayan ba shi da ita."

Alhaji ya gyara zama. "Ashe kai ma haƙora kake dubawa."

Yahuza ya rubuta dubu sittin don a gama lafiya, tunda daga aljihunsa zai biya. Alhaji ya sa aka faɗa masa adadin, ya buga sanda a ƙasa.

"Wa ya koya maka ciniki? A gabana za ka zubar mini da mutunci? Sa talatin da biyar."

Aka sa. Wayar ta yi ta juyi, ta dawo da jan rubutu.

"Albarka," in ji Yahuza.

"Madalla. Arba'in."

Albarka kuma. Saura ɗaya. Dillalai sun bar shanunsu sun kewaye rumfa, kowa da tasa shawarar. Gumi ya jiƙa bayan rigar Yahuza. Shi ba ɗaki yake gani a wayar ba, Bara'atu yake gani tana kuɓuce masa saboda dubu goma.

"Baba, don Allah a sa hamsin. A hamsin aka sallama mini wancan."

"Wancan da sauran kwanaki ka taya. Wannan gobe ne. Mai bijimin da ya ga rana ta yi yamma ya san in bai sayar ba, gida zai koma da shi ya ci gaba da ciyarwa. Arba'in da shida."

"Baba..."

"Arba'in da shida. Dakata, kada ka danna. Sunan wa ka rubuta?"

Yahuza ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, Bara'atu Barau, har ɗan ƙugiyar da ke tsakiyar sunan bai tsallake ba. Ya yi bismilla ya danna.

Sabis ɗin kara ba shi da sauri ko a ranar da ba a buƙatarsa. Da'irar da ke fuskar wayar ta yi ta juyawa. Wani bijimi ya yi kuka, wani dillali ya ce masa ya rufe musu baki. Yahuza ya runtse ido, da ya buɗe sai ya ga koren rubutu.

"An sallama," ya ce. Ya ja rubutun ƙasa da yatsa. "Ɗorawa Court, Baba. Gidan ne!"

Rumfa ta ɗauki kabbara. Alhaji bai yi murmushi ba, ya dai juya ga dillalai ya ce, "Kun gani? Dubu huɗu na rage masa." Har yau in ka zauna da shi sai ya ba ka wannan labarin.

Yahuza ya rubuta: "An samu ɗaki da sunanki. Baba ne ya taya. Ki haɗa kaya."

Ta amsa nan take: "Dillalin Duhu, ka wanke sunana. Alhamdulillah."

Kwana biyu suka yi a Abuja. Yahuza ya bar wa Alhaji gado, ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Ya koya masa buɗe ƙofa da kati har sau biyar bai nuna gajiya ba. Ya ɗaukar wa Gwaggo Azumi jaka zuwa bakin lif, daga nan ya tsaya, bai taɓa taka benen mata ba. Ran ganawa ya tashi tun kafin kiran asuba ya goge wa Alhaji riga, ya je ya gano hanyar ofishin da ƙafa don kada su makara. Alhaji yana kallon duk wannan, kallon nasa kuwa ya hana Yahuza cin karin kumallon nan na kyauta.

Sai a hanyar dawowa, mota ta kusa Birnin Kudu, duwatsu sun fara bayyana, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Kwana biyu ina buɗe bakinka ina dubawa. Ka ce wa kawunka ya dawo."

A kujerar baya Bara'atu ta cusa fuska a kafaɗar gwaggonta, gwaggon ta ce ta yi a hankali kada ta jiƙa mata mayafi.

Sunanta ya fito cikin waɗanda aka bai wa tallafi. Bayan babbar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Barau a Gwaram. Dillalan kara sun zo ƙwansu da kwarkwatarsu, direbobin tasha sun cika layi da motoci, Kamaluddeen ma ya zo ya yi addu'a, ya tafi da wuri.

Da aka shafa fatiha, Yahuza ya ratsa jama'a ya durƙusa gaban surukinsa. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu, ya dube shi, ya ce, "Albarka."

Gaban ango ya faɗi. Ya ɗago a firgice, har hularsa ta karkace.

Alhaji Barau ya yi dariyar da ba a taɓa jin ya yi a kara ba, ya sa hannu ya gyara masa hular.

"Ba ta kasuwa ba, ɗana. Allah ya yi muku albarka, kai da ita."