Zoben da Ya Zauna a Hannun Dama

Don Fermin Olazabal bai taɓa rubuta abin da ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam ba. Shi da bakinsa ya faɗa, a rediyo da kan teburin abinci, kuma a birnin Rosario ba a jayayya da mutumin da ya rubuta manyan kaɗe-kaɗe shida na okestra, wato babban taron makaɗa, da konsato uku, irin kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba okestra na mara masa baya. In makaɗi ya kasa, to hannunsa ne ba a gama ƙerawa ba.

'Yarsa Griselda ce ke kwafe masa takardu. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke ɗaukar rubutunsa mai kama da sawun kaza ta fitar wa kowane makaɗi rabonsa. Ita ke tuna masa magani, ita kaɗai kuma ta san kunnensa na hagu ya mutu, na dama kuma ya daina kama siririn sauti. Shekararta talatin da ɗaya, da zoben baiko a hannun dama, wanda sai ranar aure ake mayar da shi hagu.

Wanda ya sa mata zoben, Lisandro, shi ma da nasa a hannun dama, ɗan garin Tucuman ne, mai kaɗa chelo, wani babban goge na Turawa. Don Fermin ƙashi-da-rai yake kiransa. Da suka zo masa da maganar aure bai hana ba, ai mutum ne mai ilimi. Cewa kawai ya yi a bari sai an kaɗa sabon konsatonsa na chelo, kuma tunda ɗan Tucuman yana son shiga gidan, shi zai kaɗa.

Masifar tana kashi na uku na konsaton. Layi huɗu ne, inda okestra ke yin shiru a bar chelo shi kaɗai, yatsun hagu su buɗe har su wuce inda aka halicce su, su yi ta gudu a haka kusan minti biyu. Wata huɗu Lisandro yana kansu.

Wata ranar Talata Griselda ta same shi a kicin, hannunsa cikin kwanon ƙanƙara. Ya so ya rufe da tawul. Da ta matsa masa, ya faɗi abin da likita ya ce: jijiyar yatsu biyu ta fara tsinkewa kamar tsohuwar igiya, a huta wata shida, in ba haka ba kada a dawo masa da kuka.

"Saura kwana goma sha biyu a kaɗa," in ji shi.

"Ka ce ka fasa."

"In ce wa wa? Babanki?"

"Lisandro... ni fa ba konsato zan aura ba."

"Kin tabbata? Tun da na fara zuwa gidanku ban ga ranar da aka raba ku ba."

Dariya ya so ta yi. Ta ciro hannun daga ruwan ta riƙe a ƙirjinta, sanyinsa ya ratsa rigarta.

Da la'asar ta tarar da mahaifinta a tsakar gida yana shan mate, shayin ganyen ƙasarsu. Ta zauna ta ɓangaren kunnen da ke ji, ta yi masa bayanin jijiya da likita, ta roƙe shi ya sassauta layi huɗu kacal daga cikin ɗari bakwai. Ya saurara da irin haƙurin da yake yi wa 'yan jarida.

"Layi huɗun nan a makon da aka binne uwarki na rubuta su. So kike in rage wa uwarki tsawo don ɗan Tucuman yana da gajerun yatsu?"

"Baba, hannunsa zai mutu..."

"Kiɗa ba ya kashe hannu, 'yar nan. Lalaci ke kashewa. Ƙaro ruwan zafi."

Ta ƙaro. Shekara tara ke nan tana ƙarowa.

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki takardar chelo ta sake rubuta layukan da hannunta, ta jawo sautukan kusa da juna yadda yatsu za su kai ba tare da sun yage ba. Ta kai wa Lisandro, ta ce in yana sonta wannan zai kaɗa.

Ranar gwaji Don Fermin ya zauna a layi na biyar, ya juyo da kunnen dama. Lisandro ya kaɗa na Griselda. Madugun okestra ya ɗago ya dube ta, ya mayar da idonsa kan takarda. Tsohon kuwa ido rufe yake ta gyaɗa kai, da aka gama ya sanar wa jama'a cewa haka ya ji shi a kansa tun ranar farko. Griselda ta shiga banɗaki ta yi kukan godiya.

A hanyar gida suka bi ta bakin kogi. Ta juyo ta dubi Lisandro.

"An gama, masoyina. Bai ji ba."

"Ni na ji."

"Me ka ji?"

"Naki yana da kyau. Amma nasa... Griselda, tsohon nan azzalumi ne, sai dai a wurin nan bai yi ƙarya ba. Sau ɗaya ya kamata a ji shi yadda yake."

Ta tsaya a gabansa ta ce ya rantse ba zai yi ba. Ta ce za ta bar gidan, su tafi Tucuman gobe, ta sayar da burodi in ta kama. Ya kama hannunta ya sumbaci zoben. Ta ɗauki wannan a matsayin rantsuwa, don shi take bukata.

Ranar Lahadi da ƙarfe sha ɗaya na safe zauren ya cika. Tana gefen mahaifinta. Da okestra ta yi shiru a kashi na uku, ta ga hannun hagun ya buɗe, tun kafin sauti ya fita ta gane na mahaifinta zai kaɗa.

Ta damƙi hannun mahaifinta. Ya ɗan bubbuga nata, ya zaci daɗin kiɗan ne.

Abin haushin, yana da kyau. Kamar mace ce ke kira daga ƙetaren kogi, tana ƙara nisa tana ƙara kira. Griselda ta ji mahaifiyarta a ciki, ta kuma ga fuskar Lisandro ta murɗe saura kaɗan a gama. Bai tsaya ba. Da aka tashi tafi ya rusuna, hannun hagu a bayansa, yadda masu ladabi ke yi.

A bayan dandali Don Fermin ya rungume shi a gaban kowa.

"Ka gani, ƙashi-da-rai? Daidai yadda ka kaɗa ranar gwaji. Na ce maka ba wuya."

"Ba wuya, Don Fermin."

An yi wa Lisandro aiki a hannu sau biyu. Yatsun biyu suka lanƙwashe cikin tafi suka zauna. Chelo ya koma akwatinsa a saman kabad.

A watan Nuwamba aka ɗaura auren. A coci Griselda ta zare zobensa daga dama, ta kamo hagu, ta gwada. Ta sake gwadawa, lanƙwasasshen yatsan ya ƙi karɓa. Fada, limamin cocin, ya dubi rufi.

"Mayar da shi inda yake," Lisandro ya raɗa mata. "Ya saba da can."

Wurin gashin naman biki Don Fermin ya miƙe da kofi a hannu. Ya yi wa amarya addu'a a taƙaice, sannan ya tuna wa baƙi cewa an ce konsatonsa ba ya kaɗuwa, ga shaida nan zaune a gidansa. Aka yi tafi. Ango ya taya su da buga tebur.

Griselda ta jawo farantinsa gabanta, ta fara yanka masa naman ƙanana-ƙanana.